Mota talatin da ɗaya, aji bakwai: wane inji ne zai dawo mana da mutane fili?

Lamba 27

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Lahadin da ta wuce na jingina da shinge ina ƙirga motocin da suka fito tseren kat, wato ƙananan motocin tsere, na kulob ɗinmu. Talatin da ɗaya. Da a wuri guda suke da sai mu ce alhamdulillahi, amma an raba su aji bakwai. Ajin masu injin X30 mutum huɗu ne, injin ɗaya ya ƙi tashi, saura uku, kowa ya san zai karɓi kofi tun kafin a kaɗa tuta. Masu motar da ake canza wa giya su biyu ne, kafin zagaye na huɗu tazarar da ke tsakaninsu ta kai rabin fili, kowa atisayensa kawai yake yi.

Ina nan tsaye wani bawan Allah ya matso da ɗansa, yaro bai wuce shekara goma ba, ya riƙe waya da hannu biyu yana ɗaukar motocin. Uban ya tambaye ni, idan yaron zai fara, me zai saya? Na shiga jero masa sunayen kamfanonin inji, Rotax ne, IAME ne, Briggs ne, wannan ajin ya cika, wancan ana tunanin rufe shi. Ina magana ina ganin fuskarsa tana sauyawa. Ya yi godiya, ya ja hannun yaron suka tafi. Har yanzu abin yana cina, don na san ni na kore shi da bayanina.

Shawarar da nake son kai wa kwamiti ita ce mu ɗauki injin Briggs LO206 a matsayin ƙofar shiga guda ɗaya tilo, yaro da babba, duk wanda ya tambaya amsa ɗaya za a ba shi. Kafin in kai, ku faɗa mini inda na kauce.

Mai Sifana

Wa alaikumus salam Malam. Ba ka kauce ba. Bari in yi wa waɗanda ba su taɓa kwance shi ba bayani.

LO206 inji ne mai bugu huɗu, wato fistin na yin tafiya huɗu a kan kowace wuta ɗaya, cc 204, kamfanin Briggs & Stratton na Milwaukee a Amurka ke haɗa shi musamman don tsere. Ƙarfinsa wajen doki tara ne. Cikinsa na ƙasa a rufe yake da hatimin kamfani, ba makanike da zai taɓa fistin ko kiransha ba tare da ya tsinke hatimin ba, kuma da ya tsinke injin ya fita daga aji. Ga kuma kwayil ɗinsa, tana yanke wuta idan juyi ya kai 6,100 a minti. To tunda ba zai wuce nan ba, babu ribar da za ka samu wajen sa masa kayan da za su ƙara juyi, kuma injin da ba a azabtar da shi yana daɗewa. Na ga wanda ya yi kaka uku ba a buɗe shi ba, sai canjin baƙin mai, gyaran tazarar bawul da wanke kuloci.

Abin da ya fi burge ni shi ne yara ma shi suke hawa. Ana canza wani ɗan ƙarfe mai zamewa a cikin kafireta, kowane launi da iya buɗewarsa, sai ƙarfin ya ragu daidai shekarun yaro. Idan ya girma a sauya masa wani. Uba ya sayi inji sau ɗaya ke nan.

Kwatanta da X30 mai bugu biyu, cc 125 mai sanyaya da ruwa, doki wajen talatin, juyi har 16,000. Wannan kam duk bayan sa'a goma ko kusa da haka mai son gaba sai ya canza fistin.

Tsohon Direba

Yarana, na ji ku. Ni da injin Yamaha KT100 na fara, kuma lokacin shi ma ce mana aka yi injin talaka ne, kowa zai iya. Gaskiya ne na 'yan shekaru. Daga baya masu gyara suka gano cewa silinda goma daga kamfani ɗaya ba duka ne daidai ba, sai mai hali ya sayi goma ya zaɓi ɗaya. Wanda ya zo da nasa daga kwali ya koma baya, ya yi kaka ɗaya ya sayar.

Na ga wannan ya maimaitu sau uku da idona. Duk ajin da ya cika, masu kuɗi za su shigo, kuma ba laifi suka yi ba, tseren da ya fi jama'a kowa ke so. Don haka kada ku ɗauka sunan inji ne zai cece ku. Sannan ni har ga Allah, motar da ba ta kukan bugu biyu, ba ta ƙamshin man nan, zuciyata ba ta karɓe ta ba tukuna.

Sabon Shiga

Ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Idan araha ake nema, me ya sa ba za a ɗauki irin injin nan na janareto da famfon ruwa ba, kwafin Honda GX200? Na ga bidiyon mutane suna tsere da Predator 212, kuma ai ya fi Briggs ɗin sauƙi nesa ba kusa ba.

Mai Sifana

Tambaya ce mai kyau ƙanina, kuma hanyar nan an bi ta. A Amurka an yi shekaru ana tseren waɗannan kwafin masu cc 196, har yanzu ma ana yi, musamman a filayen ƙasa masu zagaye. Matsalar ita ce ba don tsere aka ƙera su ba, kuma masana'antu daban-daban ke buga su. Ka sayi biyu rana ɗaya ka kwance, za ka iya samun kan silinda daban, kafireta daban. Bana a rubuta doka a kan abin da ke kasuwa, baɗi masana'anta ta sauya wani abu ba ta gaya wa kowa ba, dokar ta tashi a banza. Nan masu gyara suke samun kasuwa: a ɗauki inji mai arha, a auna komai, a goge, a zaɓo, kafin ka ankara kuɗinsa ya ninka sau da yawa.

Akwai kuma haɗari. Injin yana zuwa da gwamna da ke riƙe shi wajen juyi 3,600. Mai tsere cire ta yake yi. Filawil ɗin da ya zo da shi na zubin ƙarfe ne, ba a yi shi don babban juyi ba, yana iya fashewa, kuma injin a gefen haƙarƙarin direba yake zaune. Shi ya sa dokoki da yawa ke tilasta a sa na alminiyom da aka sassaƙa. Ƙarin kuɗi ke nan tun kafin ka taka totur.

Wasu kulob sun gwada dokar fansa, wato duk wanda ya gama tsere yana da ikon sayen injin abokin karawarsa a kan ƙayyadadden kuɗi, don kada kowa ya zuba dukiya a ciki. A takarda tana da kyau. A fili kuwa gaba take haifarwa, wanda aka karɓe wa inji da wuya ya sake gaisawa da wanda ya karɓa.

Maman Khalil

Ni ba makanike ba ce, amma ni ke riƙe littafin kashe kuɗin tseren ɗana, kuma ina so ku ji abin da littafin ya ce. Inji sau ɗaya muka saya. Taya kuwa a kakar farko mun sayi saiti bakwai. Da na tara, kuɗin taya da na shiga tsere da na hanya sun wuce na injin da nisa. Duk kuna ta maganar inji, alhali abin da ke tatsar mu duk wata baƙin roban nan ne.

Dalilin saiti bakwai kuwa, tayar da aka amince da ita mai laushi ce. Sabuwa tana ba da kusan rabin daƙiƙa a zagaye, kuma a ajin yara rabin daƙiƙa shi ne bambancin na uku da na goma. Idan iyaye biyu suka sa sabuwa duk tsere, sauran ko su bi ko su kalli 'ya'yansu suna komawa baya. Yaro bai san zancen taya ba, shi dai ya ga an wuce shi, ya ɗauka bai iya ba. Akwai ranar da Khalil ya cire hular kwano ya zauna a kan akwatin kaya bai ce komai ba har muka isa gida. Ranar na kusa cewa mu haƙura.

Malam Lamba 27, idan za ka kai maganar inji, don Allah ka haɗa da taya mai tauri, kuma a ce saiti ɗaya zai yi tsere uku ko huɗu, a sa musu alama. In ba haka ba kun toshe ƙofa kun bar taga.

Bugu Biyu

To ni ne ɗaya daga cikin ukun nan da aka ce sun san za su karɓi kofi. Ba zan ce ƙarya aka yi ba. Amma ina so a fahimci abu ɗaya. Na tara kuɗin motar nan shekara biyu. Idan kwamiti ya tashi gobe ya ce an rufe ajina, kun kori mutum huɗu tabbatattu don neman mutanen da ba ku gani ba tukuna.

Kuma doki tara ba zai riƙe kowa ba. Matashin da ya yi shekara biyu a 206 zai so abin da zai tura shi cikin kujera idan ya taka. Idan babu mataki na gaba a kulob, wani wurin zai tafi. Akwai KA100 na IAME, cc 100, iska ke sanyaya shi, babu lagireto babu famfon ruwa, doki ashirin da ɗan wani abu, yana tashi da maɓalli. Ostireliya ta rungume shi, Amurka ma ya cika filaye. Me ya sa ba shi za a ɗauka ba, a huta?

Lamba 27

Ɗan'uwa Bugu Biyu, wallahi ba da niyyar cin fuska na kawo misalin ajinku ba, kuma ban ce a rufe shi ba. Cewa na yi a daina nuna wa sabon zuwa ƙofa bakwai. KA100 inji ne mai kyau, na tuƙa shi. Amma ka tuna ranar farkonka: ga koyon layi, ga birki a ƙafar hagu, ga tuta, ga sikelin awon nauyi. A ƙara wa mutum da juya alluran kafireta, inda kuskure kaɗan zai sa fistin ya kama? Wanda injinsa ya kama a wata na biyu ba ya dawowa.

Hajiya Maman Khalil, maganarki ta shige ni. Ban taɓa zama na tara kuɗin taya ba. Zan haɗa.

Mai Duba Inji

Shekara shida ina zaune a rumfar bincike bayan sikeli, bari in ƙara wa Baba Tsohon Direba ƙarfi a gefe ɗaya, in saɓa masa a ɗaya gefen.

Hatimi kaɗai ba ya hana komai. Kamfanin Rotax ya fito da injin Max a 1997 da wannan tunanin, inji a rufe, wakilan da aka amince da su ne kawai ke buɗewa su mayar da hatimi. Tsarin ya bazu duniya, har gasar ƙarshe ta duniya suke yi tun 2000, inda ake raba wa kowa mota da inji ta ƙuri'a. Amma a tseren gida mutane sun ci gaba da farautar silindar da ta fi. Bambancin Briggs shi ne kamfani ne ya rufe, kuma ba wanda ke da izinin sake rufewa. Idan cikin ya gaji sai ka sayi sabon gindin inji rufaffe. Dokar ma kamfanin ne ke rubutawa, guda ɗaya ga kowa, kulob ba ya ƙirƙiro tasa. Wannan ya rage wa masu dabara fili sosai, shi ya sa nake ganin ba daidai yake da labarin KT100 ba.

Sai dai kan silinda da kafireta a waje suke, ana iya taɓa su. Idan ba a bincike, za a taɓa. Ni abin da na koya shi ne ba sai an kwance kowa ba. Na farko zuwa na uku, da mutum ɗaya da aka zaro lambarsa daga hula, a gaban kowa, duk tsere ba fashi. A auna jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a kafireta, a duba ɗan ƙarfen kafireta, a gwada mai, a danna wa taya ma'aunin tauri saboda masu shafa mata magani ta yi laushi. Na taɓa cire wani da muke zumunci sosai saboda an goge masa hanyar iska, ya rantse bai sani ba, a haka ya sayi injin, kuma na yarda da shi. Duk da haka na cire shi. Wata biyu bai yi mini magana ba. Amma tsere na gaba mutum biyu da suka daina zuwa sun dawo, ɗaya ya ce mini dama jira yake ya ga ko da gaske ake.

Tsohon Direba

Madalla da kai Malam. Wannan ita ce maganar da nake son ji, kuma a kanta na sassauta.

Ku tuna asalin abin nan. Art Ingels ya haɗa kat na farko a Kalifoniya a 1956 da bututun ƙarfe da ɗan injin West Bend irin na yankan ciyawa, a filin ajiye motoci aka fara zagaye da shi. Cikin zakarun Formula 1, Michael Schumacher a filin kat na Kerpen a Jamus ya tashi inda mahaifinsa ke aiki, yana tsintar tayoyin da wasu suka yar. Motar da Fernando Alonso ya fara hawa yana shekara uku mahaifinsa ne ya ƙera ta da hannu, kuma don yayarsa aka yi. Lewis Hamilton da tsohuwar mota ya fara yana shekara takwas, uban yana haɗa aiki fiye da ɗaya. Hamilton da bakinsa ya koka cewa yaro daga irin gidansu da wuya ya samu shiga yanzu.

Ba don in ce za mu fitar da zakaran duniya na kawo su ba. Yawancin waɗanda za su zo mana ba sa neman haka, kuma kada a yi musu alkawarin haka. Mutum ne ke son ya fito ranar hutu da ɗansa ko 'yarsa su gwabza da mutum ashirin su koma gida da labari.

Zan faɗi abu ɗaya don adalci. Wani yaro ya ba ni 206 ɗinsa na yi zagaye goma. Inji mai ƙarfi yana rufa maka asiri, ka yi kuskure a kwana ka taka ya fitar da kai. Wannan ba ya yafiya. Ka zame kaɗan, gudun ya tafi, sai ka bi dogon layi gaba ɗaya kana biyan bashin. Makaranta ce ta gaske. Kukan ne dai har yanzu babu.

Mai Tuta

Duk mun tsaya a kan me sabon zuwa zai saya. Ni tambayata, a ina yake yanzu? Yana filin kat na haya. Duk ƙarshen mako suna can cike, suna biyan kuɗin minti goma, wasunsu sun san lokacin zagayensu har ɗigo uku. Kamfanin ƙera kat na Sodi a Faransa ya gane haka ya kafa musu gasa ta duniya da motocin haya. A Ingila akwai gasar Club100, ba sai ka zo da mota ba, tasu ce. Waɗannan mutanen sun riga sun kamu, amma da yawansu ba su ma san kulob irin namu yana nan ba, waɗanda suka sani kuma suna ɗauka sai attajiri.

Tsakanin motar haya da mallakar taka akwai rami. Ba inji kaɗai ba ne: ina zan ajiye ta, da me zan ɗauko ta, wa zai nuna mini yadda ake ɗaure sarƙa? Kulob ya mallaki mota biyu ko uku na aro da 206 a kai. Mutum ya biya kuɗin rana, a ba shi riga da hula, a haɗa shi da tsohon hannu guda wanda aikinsa ranar shi ne wannan mutumin. Ya tashi daga baya da alama a lambarsa don a san sabo ne. Bayan tsere uku shi da kansa zai fara tambayar ina ake samun ta hannu.

Sabon Shiga

Yaya Mai Tuta, kamar da ni kake. Shekara biyu ina hawan na haya kafin in yi ƙarfin halin shigowa. Ranar farko na zo da motar da na saya ta hannu, ban san ana auna iskar taya kafin kowace fita ba, ban san akwai mafi ƙarancin nauyi ba. Na gama na ƙarshe, aka hau da ni sikeli, aka ce nauyina bai kai ba, an soke sakamakon. Na tsaya riƙe da sitiyari ban san inda zan nufa ba. Wani dattijo da ban san sunansa ba ya zo da guntun dalma biyu da abin huda, ya durƙusa ya ɗaura mini a jikin kujera, ya rubuta mini awon iska a bayan hannuna da biro. Ba don shi ba da tuni na sayar.

Bugu Biyu

Na karanta duka. Har yanzu ina kan bakana cewa dole a bar mataki na gaba, kuma ina ganin X30 da Rotax da sauran masu cc 125 marasa giya za mu iya fita tare a daidaita mu da nauyi, maimakon uku nan biyu can. Wannan zai rage aji ba tare da an kori kowa ba. Ba na son a tilasta mini sauka zuwa doki tara.

Amma akwai tsohon firam ɗina, wato gangar jikin mota, a rataye tun shekara biyu, bai lanƙwashe ba, birkinsa lafiya. Idan kwamiti ya amince da motar aro, na ba da shi.

Mai Sifana

Ni kuma zan haɗa shi kyauta. Sai dai a duba wurin zaman inji, don a 206 sarƙa ta ciki take bi, wasu firam ɗin na bugu biyu sandarsu ta baya ko ƙafar kujera tana tare hanya. Turo mini hotonsa ta gefen dama.

Lamba 27

Na gode ƙwarai. Ga abin da zan rubuta wa kwamiti daren nan: 206 ga duk sabon shiga, da dokar kamfani ba ƙari ba ragi. Taya mai tauri guda ɗaya, saiti ya yi tsere huɗu da alama. Bincike duk tsere yadda Mai Duba Inji ya tsara. A haɗe masu 125 wuri ɗaya. Motar aro, farawa da firam ɗin Bugu Biyu. Masu giya biyun nan ban san yadda za a yi da su ba tukuna, zan kira su kafin taro don kada su ji a bakin wani.

Baba Tsohon Direba, ko za ku yarda ku zama farkon wanda za a haɗa da sabon zuwa?

Tsohon Direba

Na yarda. Ku nemo mini mutumin nan mai yaro idan akwai wanda ya karɓi lambarsa.

Maman Khalil

Ba na jin an karɓa, amma a bakin ƙofa kowa yana rubuta suna kafin ya shiga, a duba littafin ranar Lahadi. Kuma Khalil ya fi ƙarfin tsohuwar rigarsa da abin kare haƙarƙari, za su yi wa ɗan shekara goma daidai. Zan zo da su a wanke.